Ciwon barci: Cutar da ke fara bayyana da kaluluwa a ƙeya

Galibin kumburin wuya kan samo asali ne daga maƙoƙo, ciwon maƙogwaro, tarin fuka ko ciwon daji. Sai dai akwai wani dalilin da ba kasafai ake tunaninsa ba, wato ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa ta hanyar cizo.

Idan ƙwayar cutar ta shiga jini, mai ɗauke da ita kan yi fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayi, sannan kaluluwa ta fito a ƙeya. Wani likita ɗan Ingila, Thomas Winterbottom, ne ya bayyana wannan alama a 1803, bayan ya yi aiki a Saliyo.

Nau'in cutar da ake samu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya na iya ɗaukar watanni ko shekaru kafin ya tsananta, lamarin da ya sa ake yawan ɗaukarsa a matsayin zazzaɓin cizon sauro. Da zarar ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa, barci kan rikice, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ido biyu da dare, halayyarsa ta sauya. Idan ba a yi magani ba, yawanci ajali ne ƙarshe.

Cutar ta yi ɓarna a Arewacin Najeriya a shekarun 1930, har aka sake tsugunar da jama'a a yankin Anchau da ke Jihar Kaduna a yau, inda aka gina garin Takalafiya. Cibiyar binciken cutar ta ƙasa, NITR, tana Kaduna.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa masu kamuwa sun ragu zuwa ƙasa da 1,000 a 2018, akasarinsu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Raguwar na da nata haɗarin, domin cutar da ba a saba gani ba takan shige wa ma'aikatan lafiya duhu.

Ana gano ta ne ta gwajin jini da na ruwan da aka zuƙo daga kaluluwar. Akwai kuma maganin sha, fexinidazole, na kwana 10. Manoma, masunta da makiyaya da ke aiki a bakin rafuka masu duhuwa sun fi fuskantar haɗari. Duk kaluluwar da ta ƙi sacewa, musamman tare da zazzaɓi, asibiti ya kamata a kai ta, kada a tsaga ta a gida.