Mai Gadi Ko Ɗan Leƙen Asiri? Nazarin Manhajojin Auna Amincin Shafukan Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin manhajojin da ke gargaɗin mai shiga intanet game da shafuka masu haɗari. Ta kwatanta hanyoyin aikinsu, ta kuma bibiyi badaƙalar manhajar WOT ta 2016 da ta Avast ta 2019. Sakamakon ya nuna cewa yadda aka gina manhaja shi ke sa ta rufa wa mai amfani da ita asiri ko ta tona masa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2006 kamfanin McAfee ya sayi SiteAdvisor, manhajar da ke liƙa wa kowane shafi launi kamar fitilar danja: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kada a kusanta. Symantec ya biyo sawu da Norton Safe Web a 2008. Dabarar ta karɓu nan da nan, domin ko wanda bai san kan kwamfuta ba ya san ma'anar ja. Sai dai mai gadin da zai duba wa mutum kowace ƙofa, dole ya san duk gidan da yake shiga.

2.0 Hanyoyin Tantancewa

Hanyoyi uku suka fi fice. Ta farko ita ce gwaji: a da SiteAdvisor kan aika na'urorinsa su ziyarci shafi, su sauke fayiloli su duba ko akwai ƙwayar cuta, har su ba da adireshin imel don ƙirga tarkacen saƙonnin da za su biyo baya. Ta biyu ƙuri'ar jama'a ce, irin ta WOT da aka kafa a Finlan a 2006.

Ta uku ita ce jerin miyagun shafuka na Google Safe Browsing. A nan burauza kan mayar da adireshin shafi zuwa wasu lambobi, ta gwada gutsurensu da jerin da ke ajiye a cikin na'urar, kuma ba ta tuntuɓar Google sai an samu dacewa. Rauninta shi ne jinkiri. Jerin kan sabunta bayan minti 30 zuwa 60, alhali Google ya ce shafin damfara kan ɓace cikin ƙasa da minti 10. Shi ya sa a Maris 2024 burauzar Chrome ta koma tantancewa nan take, ta hannun wani tsani da ke ɓoye adireshin na'urar mai tambaya.

3.0 Inda Amana Ta Karye

A Nuwamba 2016 gidan talbijin na NDR a Jamus ya gano cewa WOT na tattara tarihin shafukan da mutane ke ziyarta tana sayarwa. Kamfanin ya ce an goge sunaye, amma 'yan jaridar sun iya gane mutane daga adiresoshin kawai. Nan take aka cire ta daga rumbunan Firefox da Chrome.

Bayan shekara uku, mai bincike Wladimir Palant ya nuna cewa manhajar Avast Online Security na aika bayanan da suka zarce buƙatar tantancewa. Mozilla ta cire ta daga rumbun Firefox a Disamba 2019. A Janairu 2020 Avast ya rufe reshensa na Jumpshot, wanda ke sayar da bayanan, sannan a Fabrairu 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa zai biya dala miliyan 16.5.

4.0 Kammalawa

Nazarin ya tabbatar da cewa tsarin da ke aika gutsuren lambobi ya fi wanda ke aika cikakken adireshi rufa asiri. Don haka maƙalar tana kira ga masu bincike su riƙa auna waɗannan manhajoji ta fuska biyu: shafuka nawa suke kamawa, kuma wane bayani suke fitarwa daga na'urar mutum.