Tsuntsun da ƴan duwan suka ce kayan girki ne

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shigo motar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ya ratso ta Magarya, ya san tsayuwa gaban ƴan duwan. A sauke kaya, a kwance, a tambaye ka: wanga mi ne ne? Amsar tambayar ita ke yanke kuɗin da za ka biya. To labarin da na kawo muku a wannan fitowa ta ɗan littafinmu, labarin irin wagga tambaya ne, sai dai a bakin ruwan Niyok ta Amurka aka yi ta, kusan shekara ɗari ke nan, kuma sai da aka ci shekara biyu kafin a samu amsa.

A watan Oktoba na 1926 wani jirgin ruwa mai suna Paris ya iso Niyok daga Faransa. Cikin kayansa akwai akwatuna ɗauke da ayyuka wajen ashirin na wani masassaƙi ɗan ƙasar Rumaniya mazaunin birnin Pari, sunansa Constantin Brancusi. Abokinsa Marcel Duchamp ne ya rako kayan, za a nuna su ga jama'a a wani zauren nuni mai suna Brummer. Da ƴan duwan suka buɗe, sai suka ci karo da wani abu na tagulla, siriri, tsawonsa ya ɗan ɗara mita ɗaya da kwata. Daga ƙasa ya fara da ƙuƙumi, ya yi ɗan tumbi a tsakiya, ya sake sirancewa har ya ƙare da tsini mai yankan karkace. An goge shi har mutum na ganin fuskarsa ciki. Babu fiffike, babu gashi, babu baki, babu ƙafa. Amma a takarda an rubuta sunansa L'Oiseau dans l'espace, wato Tsuntsu a Sarari.

Dokar Amurka ta lokacin ta yafe kuɗin duwan ga aikin fasaha na asali. Sai dai tun 1916 wata kotu ta riga ta faɗi abin da za a kira sassaƙa: dole ta zama kwaikwayon wani abu na halitta, musamman jikin mutum, da tsawo da faɗi daidai yadda ya ke. Ƴan duwan suka dubi doka, suka dubi abin, suka ce wannan ƙarfe ne kawai da aka sarrafa. Suka aza masa kashi 40 cikin ɗari na kuɗinsa, dala ɗari biyu da ƴan kai, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Da aka yi ta surutu a jaridu sai suka saki kayan bisa jingina don a yi nunin, amma rukunin da aka jefa tsuntsun ciki shi ne na kayan girki da kayan asibiti.

Kafin mu shiga kotu, bari mu tambayi kanmu gaskiya. Da mu ne a wurin, mi za mu ce? Ni dai ranar da na fara ganin hotonsa a littafi, cewa na yi mutumin nan bai iya ba ne ya fake da zurfin tunani. Tarihinsa ne ya kunyata ni.

An haifi Brancusi a 1876 a wani ƙauye mai suna Hobita, a gindin duwatsun Karpat. Ɗan manoma ne, ya yi kiwon tumaki tun yana ƙarami, a yankin da mutane ke sassaƙa ƙyauren gida da ginshiƙan rumfa da hannunsu. Ya bar gida yana yaro, ya yi aikatau a garin Kirayoba, ya shiga lakwal ɗin sana'o'in hannu a can, daga nan ya wuce babbar makarantar fasaha ta Bukares. A can ya yi wani mutum-mutumi na ɗan Adam da aka feɗe wa fata, kowace tsoka da kowace jijiya a mazauninta, har ɗaliban likitanci suka riƙa koyon jikin mutum da shi. Kun ga ke nan in kwaikwayo ne, ya iya shi har ya gaji. A 1904 ya isa Pari, ya yi wanke-wanke a gidan abinci don ya samu na tuwo. A 1907 ya samu shiga wurin aikin Auguste Rodin, wanda a lokacin babu masassaƙin da ya kai shi suna a Turai. Ƴan makonni ya yi ya fita. Dalilin da ya bayar, kowane manomi a Tasawa zai gane shi: shuka ba ta girma a inuwar babban icce.

To daga ina tsuntsun ya fito? Tushensa na farko tatsuniya ce. A tatsuniyoyin Rumaniya akwai wata tsuntsuwa, Mayastara, mai gashin zinariya da murya mai ban mamaki, wadda kan taimaki jarumi in ya shiga tsaka mai wuya. Wajen 1910 Brancusi ya fara sassaƙa ta. Waccan ta farko kowa ya gan ta ya san tsuntsuwa ce: ga ƙirji a turo, ga wuya, ga baki a buɗe kamar tana kuka, ga ƙafafu. Sai ya sake yin ta, ya sake, a dutse da tagulla. Kowane karo yana rage wani abu. Wuya ya narke cikin ƙirji. Ƙafafu suka haɗe da wutsiya. Wajen 1919 sauran baki kawai ya rage a sama, yana kallon samaniya. A 1923 bakin ma ya zama ɗan yankan nan na karkace. Shekara goma sha uku ke nan yana cirewa. A tsawon rayuwarsa ya yi tsuntsaye sama da ashirin, kuma na Tsuntsu a Sarari kaɗai akwai bakwai na dutse da tara na tagulla.

Mi ya ke nema da wannan ragi? Ya sha faɗa cewa abin da ya ke bi shi ne tashin kansa. Ku tuna lokacin da kuka taɓa korar tsuntsaye daga gonar gero. Sa'ad da ɗaya ya zabura daga kan zangarniya, wa ya taɓa ƙirga gashinsa? Wa ya ga idonsa? Abin da ido ke kamawa wani zaren motsi ne da ya tsaga iska ya yi sama. Wannan zaren shi Brancusi ya so ya tsayar wuri ɗaya. A ganinsa gashi da farce fatar waje ce, kuma wanda ya tsaya kwaikwayon fata zai rasa abin da ke ciki. Shi ya sa ya kan ji haushi in aka ce aikinsa ya yi nisa da zahiri. Shi a wurinsa, nasa ne ya fi kusa da ita.

Tushe na biyu zamaninsa ne. Jirgin sama sabon abu ne a lokacin. Mai zane Fernand Léger ya ba da labarin wata rana wajen 1912 da suka je kallon nunin jiragen sama a Pari, shi da Duchamp da Brancusi. Duchamp ya tsaya gaban wata farfela ya ce wa Brancusi zane ya ƙare, wa zai iya yin abin da ya fi wannan? Farfela ba ta yi kama da fiffike ba ko kaɗan, amma tana aikin fiffike, kuma iska ce ta tsara mata siffarta. In kun aje hoton farfela kusa da hoton Tsuntsu a Sarari za ku ga dangantakar.

Tushe na uku shi ne ƙarfen kansa. Kafin Brancusi, galibin masu zubin tagulla kan bar ta da duhu-duhu, ko su shafa mata sinadari ta yi kore ko baƙi, kuma a ayyukan Rodin har sawun yatsu a kan gani. Shi kuwa sai ya goge tasa ta zama madubi. Dutse yana shanye haske, yana nuna nauyinsa. Gogaggiyar tagulla tana mayar da haske, gefenta ya ɓace wa ido, ɗaki da mai kallo su shiga cikinta. Ƙarfe mai nauyi sai ya koma kamar harshen wuta. Ga mai son nuna tashi, babu abin da ya fi wannan.

Yanzu mu koma Niyok. Wanda ya sayi tsuntsun, mai ɗaukar hoto Edward Steichen, ya ƙi yarda, aka kai ƙara kotun duwan. Wata attajira mai son fasaha, Gertrude Vanderbilt Whitney, ta ɗauki nauyin lauyoyi. Aka fara zama a Oktoba 1927. Aka aza tsuntsun kan tebur a tsakiyar kotu. Alƙali ya tambayi Steichen: in ka gamu da wanga abu a daji, za ka ɗaga bindiga ka harbe shi? Steichen ya ce a'a. Lauyoyin gwamnati suka yi ta juya tambaya ɗaya: in an ba ƙwararren makaniki sandar tagulla, ba zai iya goge ta haka ba? Masassaƙi Jacob Epstein, wanda ya zo shaida, ya amsa cewa makaniki zai iya gogewa, amma ba zai iya haifar da siffar a kansa ba. Har ya kawo wani tsohon shaho na dutse daga Masar ta zamanin Fir'auna, don ya nuna cewa rage siffa ba yau aka fara ba. Gwamnati ma ta kawo nata masassaƙan biyu, Robert Aitken da Thomas Jones, suka ce su dai ba su ga fasaha a nan ba.

Brancusi bai je ba. A ofishin jakadancin Amurka na Pari ya ba da tasa shaidar. Ya bayyana cewa shi ya tsara siffar da farar ƙasa, ya kai wa masu zubi tare da ma'aunin haɗin tagullar da ya ke so. Da aka zuba aka maido masa da ita da kaushi, shi ya toshe ramukan iska, ya gyara inda ya ɓaci, ya bi ta da magagari, sannan ya goge da hannunsa har ta kai yadda ta ke. Watau zubi rabin aiki ne, sauran rabin a tafin hannunsa ya ke.

Ran 26 ga Nuwamba 1928 kotu ta yanke hukunci, ta ba Brancusi gaskiya. Alƙali Waite ya rubuta cewa tun bayan hukuncin 1916 an samu wata sabuwar hanya ta fasaha, wadda masu bin ta ke ƙoƙarin nuna tunani maimakon kwaikwayon halitta, kuma ko alƙalai na son wannan hanya ko ba su so, dole su san da zamanta. Ya yarda cewa da wuya mutum ya ga tsuntsu a jikin abin, amma yana da kyan gani, kuma aikin asali ne na ƙwararren masassaƙi. Tsuntsu ya shiga Amurka ba a biya ko sisi ba.

Shekara goma bayan haka, a 1938, Brancusi ya kai wannan tunani gida. A garin Targu Jiyu, kusa da ƙauyensu, aka nemi ya yi abin tunawa da sojojin da suka mutu suna kare garin a 1916. Bai yi soja riƙe da bindiga ba. Ya tsayar da ginshiƙi na zubin ƙarfe mai tsawon kusan mita 30, gaɓa kan gaɓa, siffa ɗaya tana maimaituwa kamar ƴaƴan carbi, an yanke ta sama a rabi don ido ya ci gaba da hawa inda ƙarfe ya tsaya. Siffar gaɓoɓin kuwa daga ginshiƙan iccen ƙauyukan yankinsu ya ɗauko ta. Ya rasu a Pari a 1957, ya bar wa ƙasar Faransa ɗakin aikinsa da duk abin da ke ciki. A 2024 UNESCO ta sa ayyukansa na Targu Jiyu cikin kayan tarihin duniya.

Akwai abu ɗaya cikin shari'ar nan da ya tsaya mini a rai, shi ne ma ya sa na rubuta wannan. Kotu ba ta ce duk abin da aka zuba da tunani fasaha ne ba. Ta ce wannan fasaha ne don mai shi ƙwararre ne sananne, kuma manyan mutane sun zo sun shaide shi: shugaban gidan tarihi, editan mujalla, masu sharhi a jarida, ga attajira a bayansa. Mu ma muna da masu zubi. Maƙerin Agadas kan tsara kurwar nan ta azurfa da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa kaki ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, ya fasa yumɓu, ya zauna da magagari yana gyara, kamar dai yadda Brancusi ya faɗa wa kotu. Ba wanda ya taɓa tambayar da wace halitta ta yi kama, kuma duk ɗan Nijar da ya gan ta ya san ta gida ce. Amma in ta shiga takarda, a rukunin kayan tsaraba a ke rubuta ta, kuma da wuya ka ji sunan wanda ya ƙera. Su kuwa masu zuba tukwane a kasuwar Katako ta Yamai, da ma kayan girkin ne, babu mai gardama a kansu.

Ban ce kowace tukunya Tsuntsu a Sarari ce ba. Abin da na ce shi ne, tsuntsun Brancusi ya fita daga rukunin kayan girki ne don an samu waɗanda suka tsaya suka yi bayaninsa, aka kuma rubuta. Mu da muke kiran kanmu marubuta, nawa ne cikinmu suka taɓa zama yini guda a maƙera da kaye da biro? Ni ban taɓa ba, kuma unguwarmu akwai ta. Hutun nan mai zuwa na yi niyyar zuwa, in tambayi mai wurin wa ya koya masa, wace siffa ya gada, wace ya sauya da kansa, kuma mi ya cire. Wanda ya riga ni zuwa ta garinsu, ya aiko mana mu buga a fitowa ta gaba.