Ina Iyakar Ikon Fafaroma?

A watan Janairun 1077, Sarki Henry na Huɗu na Jamus ya kwana uku yana tsaye a ƙofar ganuwar Canossa da ke arewacin Italiya, ba takalmi, ga ƙanƙara, yana roƙon Fafaroma Gregory na Bakwai ya yafe masa. Rigimar ta samo asali ne daga naɗin manyan limaman coci: sarki ne zai naɗa su ko Fafaroma? Tun a 1075 Gregory ya sa an rubuta cewa Fafaroma na iya tuɓe sarakuna, shi kuwa babu mai yi masa shari'a. Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, su manta cewa Henry ya dawo da runduna, ya shiga Roma a 1084, ya ɗora nasa Fafaroman. Gregory a gudun hijira ya mutu, a Salerno, a 1085.

Fafaroma Boniface na Takwas ya ƙara ɗaga murya a 1302, ya ce biyayya ga Fafaroma wajibi ce a kan kowane ɗan Adam mai neman tsira. Shekara na zagayowa mutanen sarkin Faransa suka kama shi a Anagni, bai daɗe ba ya rasu. Daga 1309 zuwa 1377 magadansa a Avignon suka zauna, ƙarƙashin inuwar Faransa.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A 1378 aka wayi gari da Fafaroma biyu, kowa na korar ɗan'uwansa daga coci. Taron Pisa na 1409 ya zo gyara, sai ya ƙara na uku. Idan babu mai yi wa Fafaroma shari'a, to wa zai raba wannan gardama? Babban taron da aka yi a Konstanz daga 1414 zuwa 1418 ne ya yi ta maza: ya ce ikonsa daga Almasihu yake kai tsaye, kuma ko Fafaroma dole ya bi. Aka tuɓe biyu, Gregory na Sha Biyu ya yi murabus, aka zaɓi Martin na Biyar a 1417. Taron ya ceci kujerar, amma masu hawanta ba su yarda a riƙe musu linzami ba. A 1460 Pius na Biyu ya haramta ɗaukaka ƙara daga Fafaroma zuwa wani taro.

Shekarar 1870 ce ta fi ban mamaki. Ranar 18 ga Yuli, taron Vatican na farko ya zartar, da ƙuri'a 533 a kan 2, cewa Fafaroma na da kariya daga kuskure. Ranar 20 ga Satumba sojojin Italiya suka ƙwace Roma, mulkinsa na ƙasa ya ƙare. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Italiya a 1929 hekta 44 kacal ta bar masa. Ƙasa ta tafi, amma maganarsa a cikin coci ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba.

Da yawa suna ɗauka kariya daga kuskure na nufin Fafaroma ba ya zunubi. Ba haka ba ne, shi ma yakan durƙusa gaban limami ya furta laifinsa. Kariyar ba ta aiki sai ya yi magana a matsayin makiyayin dukan Kiristoci, a kan aƙida ko ɗabi'a, da nufin ɗaure coci baki ɗaya. Tun daga 1870, misali ɗaya ne kowa ya yarda da shi: sanarwar Pius na Sha Biyu ta 1950 cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama da jikinta. Taron Vatican na biyu (1962 zuwa 1965) ya ƙara da cewa bishop-bishop abokan ɗaukar nauyi ne, kuma masu koyarwa a coci ba su fi ƙarfin maganar Allah ba.

A ganina, iyakar da ta rage a yau ita ce gadon da Fafaroma ya tarar. Babu kotun da za ta tuɓe shi, sai dai ya sauka da kansa kamar Benedict na Sha Shida a 2013. Amma da aka matsa wa John Paul na Biyu kan naɗa mata limamai, amsar da ya bayar a 1994 ita ce coci ba ta da ikon yin haka.