Yadda Aka Yi Dodannin Sinbad

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa kallon sinima ka ga dodo ya fito daga kogo, tsawonsa ya kai rimi, mutane na gudu a ƙarƙashin ƙafafunsa? In ka taɓa gani, to ka san gardamar da ake yi bayan an tashi. Wani ya ce tsafin Turawa ne. Wani ya ce aljannu suke kamawa su sa su aiki. Wani kuma ya rantse cewa a bayan teku akwai irin waɗannan halittu. Yau za mu ba ka tarihin fim guda ɗaya, ka ji yadda aka yi shi tun daga tushe. In an sake wannan gardama a gabanka, ka sami abin faɗi.

Sunan fim ɗin da Ingilishi The 7th Voyage of Sinbad, wato Tafiyar Sinbad ta Bakwai. An fara nuna shi a Amurka cikin watan Disamba na 1958.

Labarin da ke ciki

Sinbad matuƙin jirgin ruwa ne na birnin Bagadaza. Zai auri wata ɗiyar sarki mai suna Parisa. Sai wani matsafi ya yi mata asiri, ta ƙanƙance har ta iya tsayawa a tafin hannu. Matsafin ya ce maganinta sai da ɓawon ƙwan wani ƙaton tsuntsu mai kai biyu da ke can wani tsibiri. Ashe dabara ce. So yake a kai shi tsibirin don ya ƙwato fitilarsa mai aljani a ciki. A can Sinbad ya gamu da dodo mai ido ɗaya, da wata dabba mai kama da ƙaton guza mai feso wuta ta baki, da ƙwarangwal mai riƙe da takobi.

Sunan Sinbad daga littafin Dare Dubu da Ɗaya aka ɗauko shi, haka ma ƙaton tsuntsun. Amma masu fim ba su bi littafin sau da ƙafa ba. Sun tsinci nan, sun tsinci can, sun ƙara da nasu.

Yaron da ya ga goggon biri

Duk dodannin nan mutum ɗaya ya yi su. Sunansa Ray Harryhausen. An haife shi a birnin Los Anjalis na Amurka a 1920. A shekarar 1933 ya je sinima ya ga wani fim mai suna King Kong, labarin wani ƙaton goggon biri da ya hau benen da ya fi kowane tsawo. Yaro ya koma gida abin na cin ransa. Ya san babu biri mai wannan girma. To, yaya aka yi? Bai huta ba sai da ya gano cewa birin ɗan mutum-mutumi ne, wani gwani mai suna Willis O'Brien ke motsa shi da hannu.

Sai Ray ya ce shi ma sai ya gwada. Ya yanka wata tsohuwar rigar gashi ta uwarsa, ya lulluɓe ƴar dabbar da ya fara ƙerawa. Iyayensa ba su hana shi ba. Ubansa mai aikin ƙarfe ne da inji, shi ya riƙa ƙera masa ƙasusuwan ƙarfe masu gaɓoɓi. Uwarsa ta riƙa ɗinka wa ƴan tsanarsa tufafi.

Da ya ga hannunsa ya fara faɗawa, sai ya kai wa O'Brien ɗaya daga cikin dabbobinsa, yana jiran yabo. Gwanin ya duba, ya gaya masa ƙafafun ba su da siffa, sun yi kama da hanjin da aka cusa wa nama. Ya shawarce shi ya je ya koyi yadda ƙashi da tsoka suke a jikin dabba. Ray bai yi fushi ba. Ya shiga makarantar dare ya koyi zane da ɗaukar hoto. Bayan yaƙin duniya na biyu O'Brien da kansa ya ɗauke shi aiki, suka yi wani fim na goggon biri da ya fito a 1949.

Zanen da aka ƙi

Bayan wannan Ray ya tsaya da ƙafarsa. Amma kuɗin da ake ba shi kaɗan ne. A wani fim na 1955 an so ya yi wata halittar teku mai hannuwa takwas. Don a rage kashe kuɗi sai ya yi mata shida, ya riƙa ɓoye sashenta cikin ruwa don kada mai kallo ya ƙirga.

A cikin waɗannan shekaru ne ya zana wasu manyan hotuna na labarin Sinbad. Ɗaya daga ciki ya nuna Sinbad yana faɗa da ƙwarangwal a kan wata matakala mai murɗe. Ya yi ta yawo da su wurin masu kuɗin fim, kowa ya ce ba ya so. Ya ajiye zanensa, ya ci gaba da wani aiki. Daga baya wani mai shirya fim da suke aiki tare, Charles Schneer, ya ga zanen ya yarda. Kamfanin Columbia ya ba da kuɗi, dalar Amurka 650,000. Ka lura, ba dalarmu ta kasuwa ake nufi ba, kuɗin Amurka ne. Duk da haka, a wurin masu fim na can wannan ba kuɗi mai yawa ba ne.

Bagadaza a ƙasar Sipaniya

A 1957 suka kwashi kaya suka tafi Sipaniya, inda aiki ya fi araha. Ba wanda ya taka Bagadaza. Fadar da ake gani a fim ita ce Alhambra ta birnin Garanada, wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina. Kogon matsafi kuwa wani kogo ne na gaske a tsibirin Mayorka.

A nan ƴan wasa suka sha wuya. Babu dodo a gabansu. Sai a nuna musu kan wata doguwar sanda a ce nan idon dodo yake, su duba can, su yi ihu, su jefa mashi cikin iska. Wanda ya wuce ya gan su sai ya ce sun taɓu.

Ɗiyar sarkin da ta ƙanƙance fa? Ba a rage mata ko taƙi ɗaya ba. An ɗinka wani ƙaton matashin kai ne, aka ɗora ta bisa, aka ja kyamara, wato na'urar ɗaukar hoto, can nesa. Ido ya san girman matashin kai. Da ya ga mace ta ɓace a kansa, sai ya yanke cewa ita ce ƙarama.

Asirin motsi

Da aka gama da ƴan wasa, kowa ya koma gida. Ray ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Aikin dodanni ya ci masa wata 11.

Don ka gane abin da ya yi, sai ka san abu ɗaya. Hoton sinima ba ya motsi. Fim na wancan zamani wata doguwar ɗamara ce ta roba, an jera mata ƙananan hotuna tsayayyu, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. Inji na haska hoto 24 cikin sakan ɗaya. Saurin ya fi ƙarfin ido, sai ido ya haɗa su ya ga kamar motsi. Yi lissafi da kanka: sakan 60 ke cikin minti ɗaya, 24 sau 60 ya ba da 1,440. Wato minti ɗaya na kallo hoto 1,440 ne.

Dodannin Ray ƙanana ne. Ƙwarangwal ɗin bai kai kamu ɗaya ba. Dabba mai wuta ita ce babba, tsawonta wajen mita ɗaya. A cikin kowane akwai ƙashin ƙarfe, an rufe shi da roba mai laushi irin ta katifa, an shafa fenti. In ka lanƙwasa hannunsa, nan zai tsaya.

Sai Ray ya kafa ɗan dodo a kan tebur. Ya ɗauki hoto ɗaya. Ya matsa ya ɗaga masa ƙafa kaɗan, ya juya kai kaɗan, ya lanƙwasa yatsa kaɗan. Ya koma ya ɗauki hoto ɗaya. Ya sake dawowa. Haka tun safe har dare. Dole ya riƙe a ka inda kowace gaɓa ta dosa. In ya manta hannu sama yake tafiya ko ƙasa, aikin yini ya ɓaci. Shi ya sa yake aiki shi kaɗai. Wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san irin wannan natsuwa.

Ya kuma yi wa dodo mai ido ɗaya ƙafafun akuya da gangan. Ya san masu kallo za su ce mutum ne ya sa rigar dodo. Amma ƙafar mutum ba ta shiga ƙafar akuya.

Yadda dodo ya shiga cikin mutane

Saura tambaya ɗaya. Yaya ɗan abin da ke kan tebur ya tsaya a bakin teku tare da mutane?

Ray ya kafa wani ƙaramin farin allo a bayan teburin. A kansa yake haska hotunan da aka ɗauko a Sipaniya, ɗaya bayan ɗaya. A gaban teburin kuma ya sa gilashi, ya shafe ƙasansa da baƙin fenti don ya ɓoye teburin. Inda baƙin yake, haske ba ya shiga kyamara, wurin sai ya zauna babu kome. In ya gama motsa dodo, sai ya mai da fim baya, ya kau da teburin, ya rufe sama, ya buɗe ƙasa, ya sake ɗauka. Rairayi da duwatsun gaba su cike wurin da aka bari. Da haka dodo ya shiga tsakiya, teku a bayansa, rairayi a gabansa. Sun sa wa wannan dabara suna Dynamation. Wannan ne karo na farko da Ray ya yi dogon fim mai launi da ita, kuma launi ya ba shi wahala, domin sai hasken teburi ya dace da hasken ranar Sipaniya.

Faɗa da ƙwarangwal

Wurin da aka fi tunawa shi ne faɗan takobi. Wanda ya fito a Sinbad, Kerwin Mathews, ya yi ta gwaji da wani gwanin takobi ɗan Italiya mai suna Enzo Musumeci Greco. Sun ƙirga kowane sara da kowace karewa har ya haddace. Sa'an nan gwanin ya koma gefe, Mathews ya maimaita faɗan shi kaɗai, yana tsai da takobinsa a iska daidai inda na abokin gaba zai tare shi. Bayan watanni Ray ya sa ƙwarangwal a wurin da gwanin ya bari, hoto bayan hoto, har takobi ya haɗu da takobi. Mai kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya sa aka buga wani abin kiɗa na katako mai kama da balafon na Mali, don a ji kamar ƙasusuwa ke karo da juna.

Abin da ya biyo baya

Fim ya karɓu, ya mai da kuɗinsa ninki-ninki. Zanen da aka ƙi shi ya buɗe wa mai shi ƙofa. A 1963 ya yi wani fim inda ƙwarangwal bakwai ke faɗa da mutum uku. Wannan faɗa kaɗai ya ci wata huɗu da rabi, wata rana ma hoto 13 kawai yake samu. Ya ƙara finafinan Sinbad biyu, a 1973 da 1977. A 2008 hukumomin Amurka suka sa fim ɗin 1958 cikin jerin waɗanda za a adana don ƴan baya. Ray ya rasu a London a 2013, yana da shekara 92.

Kada ka ce wannan aiki sai Bature. A nan Nijar mun yi Mustafa Alasan, wanda ya fara da aikin makanike, ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. A 1966 ya yi fim na kwaɗi da zanen hannunsa. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana. Ya kuma yi wani inda kwaɗi ke kokowa a fage. Shi ma hoto bayan hoto ya bi.

Kai ma kana iya gwadawa. Ɗauki littafin rubutunka. A kusurwar shafin farko zana ɗan mutum hannunsa a ƙasa. A shafi na biyu ɗaga hannun kaɗan. Ci gaba har shafi 20. Sa'an nan ka kama kusurwar da babban yatsa ka saki shafukan da sauri. Za ka ga ɗan mutum ya ɗaga maka hannu. Nuna wa yaran gidanka.

Yanzu da kwamfuta ake yin yawancin dodannin fim, kuma aikin ya yi sauƙi ƙwarai. Ana iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, a turo maka a waya, a ce ga shi ka gani da idonka. Mun saba cewa gani ya kori ji. Amma ka ji yadda mutum ɗaya da tebur da gilashi ya sa dubban idanu suka ga dodo. Ray don nishaɗi ya yi, bai kuma ɓoye cewa aikin hannu ne ba. Wani kuwa don ya ci kuɗinka zai yi, ko don ya haɗa ka faɗa da maƙwabcinka. Saboda haka in an nuna maka abin mamaki, kada ka yi saurin tsorata, kada kuma ka yi saurin yaɗawa. Yi tambayar da yaron nan ya yi a 1933: yaya aka yi wannan, wa kuma ya yi shi?

Allah shi ƙara mana sani mai amfani.