Azurfa da Tsakiya: Kayan Adon Gado a Yola da Jimeta

Kayan adon azurfa da duwatsun tsakiya suna cikin dukiyar da matan Fulani da Hausawa na Adamawa ke gada daga iyaye da kakanni. Sun haɗa da mundaye da awarwaro da zobba da 'yan kunne, da kuɗin azurfa da ake maƙalawa a kitso ko a rataya a wuya. Mallakar mace ne: tana ado da su ranar biki, ta jinginar ko ta sayar ranar buƙata.

Fatauci ne ya kawo su. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ta zama mahaɗar fataken Kano da Borno, daga baya Jimeta ta bunƙasa da cinikin jiragen ruwa a gaɓar Binuwai. Azurfa takan zo ne a matsayin kuɗi, musamman gurus, wato dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya. Nauyin gurus kusan giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ce. Maƙeran fari su ke narkar da shi su ƙera kayan ado. Jajayen duwatsu kuwa, an daɗe ana sarrafa irinsu a Kambe ta Indiya, sannan a ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar.

Al'ummar Nabaho ta Amurka tana da makamanciyar wannan al'ada. Maƙeransu sun fara ƙirar azurfa a tsakiyar ƙarni na 19, su ma da narkakken kuɗi, daga baya suka riƙa dasa masa shuɗin dutse. A yau masu tara kayan tarihi suna sayen tsofaffin ƙirarsu da tsada, musamman idan an san maƙerin da kuma hannayen da kayan suka bi.

Wannan sani shi ne ke salwanta idan aka zo rabon gado. Da zarar an ɗora munduwa a sikeli an narkar, kuɗin nauyinta kaɗai magada za su samu. Saboda haka yana da kyau iyali su rubuta sunan mai ita ta farko, su ɗauki hotonta.

Mai saye ma sai ya lura. Shekarar 1780 da ke jikin gurus ba ta nuna tsufansa, domin da ita aka ci gaba da buga shi. Akwai kuma tsakiyar gilas da ke kwaikwayon ta dutse. Akan gane ta da layin haɗi ko 'yan kumfa a cikinta.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da gidan tarihi a Yola, ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba.