Gwanjon agogunan alfarma: Me ya sa suke tsada?

A watan Nuwamban 2019 aka sayar da wani agogon hannu na kamfanin Patek Philippe a kan kimanin dala miliyan 31 a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan, a wani gwanjo da aka shirya domin tallafa wa bincike kan wata cuta mai raunana tsokar yara.

Agogon dai ba na zinariya ba ne, na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, kuma shi kaɗai kamfanin ya ƙera a wannan siffa.

Wannan ya nuna cewa a kasuwar gwanjo, ƙarancin agogo, da tarihinsa, da sahihancinsa, su ne ke yanke farashi fiye da abin da aka ƙera shi da shi.

Yadda harkar ta faro

Agogunan da ake rububinsu ba sa amfani da batir. Agoguna ne na wani, waɗanda ke aiki da wani siririn ƙarfe a naɗe, wanda ke warwarewa sannu a hankali yana juya ƙananan ƙafafu masu haƙora.

A ƙarshen shekarar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, kuma ba da jimawa ba irinsa suka cika kasuwa, ga araha ga kiyaye lokaci.

Lamarin ya durƙusar da masana'antun Suwizalan, inda yawan ma'aikatansu ya faɗo daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Kamfanonin da suka tsira sai suka koma tallata agogon wani a matsayin aikin hannu da kayan gado. A daidai wannan lokaci ne kamfanin gwanjo na Antiquorum, wanda aka kafa a Jeniba a 1974, ya buɗe wa tsofaffin agogunan hannu kasuwa.

A yau kamfanonin Phillips da Christie's da Sotheby's ne ke kan gaba, kuma galibin manyan gwanjonsu a Jeniba da Hong Kong da New York ake yi.

Ƙaranci da tarihi

Tsakanin 1941 zuwa 1954 Patek Philippe ya ƙera wani samfuri mai lamba 1518 har guda 281, akasarinsu na zinariya. Huɗu kacal aka sani na ƙarfe, shi ya sa ɗaya daga cikinsu ya tashi a kan dala miliyan 11 a 2016, abin da ya ninka farashin na zinariyar sau da dama.

Sunan wanda ya taɓa ɗaura agogo ma kan ɗaga darajarsa. A watan Oktoban 2017 aka sayar da Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman a kan dala miliyan 17.7 a New York. Matarsa ce ta ba shi kyauta, ta kuma sa aka zana masa gargaɗi a bayan agogon cewa ya riƙa tuƙi a hankali.

Haka kuma masu tara agogo na farautar agogunan Rolex masu tambarin wuƙar Oman, waɗanda marigayi Sarki Qaboos ya riƙa sa wa a ƙera domin kyauta ga baƙi da muƙarrabai.

Sai dai tarihi kan zo da rikici. A 2015 an janye wani agogon Sarkin Habasha Haile Selassie daga gwanjo bayan da iyalansa suka ƙalubalanci yadda ya fita daga hannunsu. Sai a 2017 aka sayar da shi a kan kusan dala miliyan uku.

Yadda ake gwanjon

Kafin ranar gwanjo, kamfani kan fitar da kundi mai hotunan kowane agogo da tarihinsa da ƙiyasin kuɗinsa, sannan a zaga da kayan manyan birane domin masu saye su duba.

Akan yi tayi a cikin zaure, ko ta tarho, ko ta intanet. Mai kaya kan tsayar da farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, wanda ba a bayyana wa masu tayi.

Wanda aka sallama wa zai biya la'ada a kan kuɗin da ya taya, wadda kan kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake tana raguwa idan kuɗin ya yi yawa.

Haɗarin da ke ciki

A wannan kasuwa kwaskwarima aibi ce. Agogon da aka goge jikinsa ko aka sake wa fuska kan yi asarar daraja, yayin da wanda ya koɗe amma ba a taɓa shi ba yake ƙara kuɗi.

Wannan ne ya buɗe ƙofar algus. A 2021 kamfanin Omega ya sayi wani tsohon agogonsa samfurin Speedmaster a gwanjo a kan fiye da dala miliyan uku, domin ajiyewa a gidan tarihinsa.

A 2023 kamfanin ya bayyana cewa haɗa agogon aka yi daga sassan agoguna daban-daban, ya kuma zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa da hannu a ciki.

Farashi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayan tashin gwauron zabin da agogunan alfarma suka yi lokacin annobar korona, kasuwar ta soma sauka daga tsakiyar 2022, kuma da yawa daga waɗanda suka saya domin riba sun yi asara.

Saboda haka ne gogaggun masu tara agogo kan nemi takardun asali, da bayanin rumbun ajiyar kamfanin da ya ƙera shi, da kuma binciken ƙwararre mai zaman kansa, kafin su ɗaga hannu a zauren gwanjo.