Daga Hannun Matuƙi Zuwa Na'ura: Tarihin Riƙon Bisa a Jirgin Sama da Matsayin Maiduguri a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aikin riƙe jirgin sama a bisan da ake so ya tashi daga hannun matuƙi ya koma ga na'ura, tare da duba rawar da harshe ya taka a wannan sauyi. An ɗauki Maiduguri a matsayin mafari domin ita ce zangon farko da jirgin sama ya yada a ƙasar nan. Mai karatu zai lura cewa an yi amfani da kalmar "bisa", ba "tsawo" ko "tsayi" ba, kuma za a faɗi dalili a gaba.

2.0 Zamanin Hannu da Ido

A ƙarshen watan Oktoba na 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun biyo ta Sudan da Chadi, suka sauka a Maiduguri zamanin Shehu Sanda Kura, sannan suka isa Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Waɗannan jirage mutum biyu suke ɗauka, kuma mazaunin matuƙi a buɗe yake. Matuƙi ba shi da mataimaki a riƙon bisa face hannunsa da ke kan sanda da kuma allurar agogon da ke auna nauyin iska. Idan hankalinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, jirgi ya sunkuya ko ya ɗaga kai.

Ba wai na'urar ba ta samu ba a lokacin. Tun a 1914 Lawrence Sperry ya nuna a birnin Faris cewa jirgi zai iya tafiya a miƙe alhali matuƙi ya ɗaga hannuwansa sama, kuma a 1933 Wiley Post ya zagaya duniya shi kaɗai da taimakon irinta. Sai dai ta daɗe ba ta zama ruwan dare ba. Matuƙan Ingila ma laƙabi suka yi mata, suna ce da ita "Joj", kamar wani abokin tafiya.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanyar Khartum zuwa Kano, Maiduguri na cikin zangunanta. Amma yaƙin duniya na biyu ne ya ɗaukaka sunan garin. Bayan da Chadi ta bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940, aka sami damar harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, har Khartum da Alƙahira. Daga Satumba 1940 zuwa 1943, jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Ƙananan jirage irin su Hurricane sukan jeru ne a bayan babba guda mai ɗauke da masanin hanya. Duk wanda ya san hazon hunturun Barno, wanda kan ɓoye ƙarshen titi da tsakar rana, zai iya ƙiyasta wahalar mutumin da ke riƙe da sanda sa'o'i da dama yana bin wutsiyar ɗan'uwansa.

3.0 Zamanin Lamba

A jiragen fasinja na yau, matuƙi ba ya riƙon bisa da hannu sai a ɗan lokaci. A gabansa akwai allo mai 'yan tagogi. A ɗaya yakan murɗa maɓalli ya sa bisan da aka ba shi izini, misali ƙafa 10,000. A ɗaya kuma ya zaɓi saurin hawa ko sauka, wato ƙafa nawa jirgi zai ƙaru ko ya ragu a minti guda. Na'ura ta kama aiki, idan ta kai lambar da aka sa ta daidaita jirgi ta tsaya nan. Tun daga Satumba 2008, da aka rage ratar da ke tsakanin jirage a sararin Afirka zuwa ƙafa 1,000 daga bisan 29,000 zuwa 41,000, wannan na'ura ta zama sharaɗi ga duk jirgin da zai shiga wurin. Jiragen alhazai da ke tashi daga Maiduguri zuwa Jidda a cikin wannan tsari suke tafiya.

A nan ne batun ya shigo fagenmu. Da aiki ya koma ga na'ura, kuskure bai gushe ba, wuri ya sake: ya bar hannu ya koma ga kunne da ido, wato ga ji da karatu. Ranar 19 ga Fabrairu 1989, jami'in hasumiya a Kuala Lumpur ya umurci wani jirgin kaya na kamfanin Flying Tiger da ya sauko zuwa ƙafa 2,400. A Ingilishi kalmar "two" da "to" furucinsu ɗaya ne, sai matuƙan suka ɗauki lambar farko a matsayin harafin nuna wuri, suka nufi ƙafa 400. Jirgin ya daki tudu, mutum huɗun da ke ciki suka rasu. Wannan tagwan furuci ne, irin wanda muke koyarwa a aji muna dariya.

Na biyun ya fi ban tausayi. Ranar 20 ga Janairu 1992, jirgin Air Inter ƙirar A320 ya faɗi a dutsen Sainte-Odile kusa da Strasbourg ta Faransa, mutum 87 suka halaka daga cikin 96. Abin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne, matuƙan sun yi nufin gangara mai kusurwa digiri 3.3, amma na'urar tana kan zaɓin saurin sauka, inda taga guda ke nuna 33 da ma'anar ƙafa 3,300 a minti. Bambancin ɗigo ɗaya ne. Daga baya aka gyara tagar ta riƙa nuna lambobi huɗu cif. Mu da muka sha jayayya kan lanƙwasar ƙ da ɗ, muna cewa "ƙasa" ba "kasa" ba ce, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

4.0 Matsalar Kalma a Hausa

Hausa ta karɓi jirgin sama cikin sauƙi. "Jirgi" na ruwa ne tun asali, sai aka faɗaɗa shi zuwa na ƙasa, sannan na sama, "matuƙi" kuma ya biyo shi. Inda aka tsaya shi ne a ƙofar ɗakin matuƙi. Sau da yawa akan ji masu fassarar labarai suna cewa "jirgi mai tuƙa kansa". A ganina wannan fassara tana ɓatar da mai sauraro, domin misalan da suka gabata sun nuna cewa na'urar ba ta da niyya; abin da aka sa mata shi take bi, ko da zai kai ta ga dutse. "Na'urar riƙon tuƙi" ta fi kusa da gaskiya, saboda "riƙo" a Hausa yana ɗauke da ma'anar wakilci na wucin gadi, kamar yadda muke cewa mai riƙon ƙwarya.

Haka nan "tsawo" da "tsayi" suna nuni ga girman jikin abu, ta yadda "tsawon jirgi" zai iya zama daga hancinsa zuwa wutsiya. "Bisa" ba ta da wannan harshen damo. Sai dai ita ma tana buƙatar a raba ta biyu, domin matuƙi yana bambanta bisa daga doron teku da bisa daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Filin Maiduguri yana kimanin ƙafa 1,100 sama da teku, saboda haka jirgin da agogonsa ke nuna 2,000 a kan garin, ƙafa 900 kacal ke tsakaninsa da bishiyoyin dogonyaro. Ina ba da shawarar "bisan teku" ga na farko, "bisan ƙasa" ga na biyu, da "saurin hawa" da "saurin sauka" ga abin da ake sa wa a taga ta biyu, a keɓe "gangara" ga kusurwa kaɗai.